Ƙara zanen sa ido kan inganci a manhajar ƙididdiga ta masu koyo

“Assalamu alaikum Malam. Ina koyar da ƙididdiga ga ɗaliban difloma a nan Zariya, kuma da R Commander muke aiki saboda yawancinsu ba su taɓa rubuta umarnin kwamfuta ba, danna maɓalli suka sani. A zango mai zuwa an ba ni darasin kula da ingancin kaya, na duba jerin zaɓin manhajar ban ga zanen sa ido kan inganci a ciki ba. Shin zan iya ƙara shi da kaina? In zai yiwu, waɗanne zanuka ya kamata in sa, kuma me zan kiyaye don kada in ruɗa yaran?”

Wa'alaikumus salam, Malam. Tambayarka kashi uku ce a yadda na fahimce ta: ko manhajar tana karɓar ƙari, da zanukan da suka cancanci shiga, da yadda za a tsara su don wanda bai taɓa ganinsu ba. Amsar ta farko gajera ce, tana karɓa, kuma duk wanda ya iya rubuta ƙaramin aiki a harshen R, wato harshen kwamfuta na ƙididdiga da R Commander ke aiki a kansa, zai iya haɗa abin da zai tashi. Sauran biyun su ne masu nauyi, kuma a kansu zan fi daɗewa, domin ɗalibin da ke koyo ta hanyar danna maɓalli yana ɗaukar darasinsa ne daga abin da tagar da ta buɗe a gabansa ta tambaye shi, fiye da abin da ka faɗa a gaban allo. Idan tagar ta tambaye shi abin da bai kamata ba, ko ta yi shiru a kan abin da ya kamata ta tambaya, to da wannan kuskuren zai kammala karatu ya tafi masana'anta.

Abin da zanen yake yi

Asalin wannan zane daga Walter Shewhart yake, wanda ya gabatar da shi a wata gajeriyar takarda ranar 16 ga Mayu, 1924, lokacin yana aiki da kamfanin Western Electric a Amurka, sannan ya faɗaɗa bayaninsa a littafin da ya wallafa a 1931. Tunaninsa shi ne bambancin da ake gani a kaya iri biyu ne. Mai awo a kasuwar Sabon Gari idan ya auna masara tiya goma da hannu ɗaya da tiya ɗaya, ka ɗora kowace a sikeli, ba za su zo daidai ba, amma kuma ba za su yi nisa da juna ba, kuma babu wanda za a tuhuma a kan wannan ɗan bambanci. Idan kuwa tiyar ta lotsa, ko yaronsa ya karɓe shi awon, bambancin da zai fito yana da dalili wanda za a iya nemowa a gyara. Aikin zanen sa ido shi ne ya raba waɗannan biyun, don kada a riƙa taɓa inji alhali lafiyarsa ƙalau, kada kuma a bar shi yana ɓarna ana cewa haka ya saba.

Ana jera sakamakon awo bisa lokacin da aka yi shi, a ja layin tsakiya a kan matsakaici, a ja iyaka ta sama da ta ƙasa a nisan sigma uku daga tsakiyar, sigma kuwa ita ce ma'aunin yadda alƙaluma ke watsuwa daga matsakaici. Idan alƙaluman suna bin rarrabuwar nan mai siffar ƙararrawa, kashi 0.27 cikin ɗari ne kawai na ɗigo za su fita iyaka ba tare da wani dalili ba, wato kusan ɗaya cikin 370. Ma'anarsa a aikace, injin da ke aiki dare da rana ana ɗaukar samfuri kowace awa zai yi kukan ƙarya kusan sau ɗaya a mako biyu. Ka riƙe wannan adadi, zai dawo mana idan muka zo kan dokokin gargaɗi.

Ɓangaren manhaja

John Fox na jami'ar McMaster a Kanada shi ya rubuta R Commander, kuma ya yi shi ne don darussan ƙididdiga na matakin farko, shi ya sa ba ka ga zanen sa ido a ciki ba. Amma ya bar ƙofa a buɗe: tun 2007 ya bayyana yadda ake rubuta ƙunshin ƙari wanda zai sa sababbin zaɓuka a jerin da ke sama, kuma bisa al'ada sunan irin wannan ƙunshi yana farawa da RcmdrPlugin. Lissafin kansa ba sai ka rubuta shi ba, domin Luca Scrucca na jami'ar Perugia a Italiya ya fitar da ƙunshin qcc tun 2004, kuma a cikinsa akwai zanen matsakaici da na tazara da na ɗaiɗaiku da na ƙirga, har da waɗanda suka fi waɗannan zurfi. Saboda haka aikinka gada ce tsakanin su biyun. Za ka rubuta fayil mai suna menus.txt wanda ke faɗin inda sabon zaɓin zai zauna, da sunansa, da aikin da zai kira, da sharaɗin da zai sa ya kunnu, misali kada ya kunnu sai akwai bayanai masu adadi a buɗe. Sannan ka rubuta aikin da ke buɗe taga ya karɓi zaɓin ɗalibi, ya haɗa umarnin qcc, ya miƙa shi ga doItAndPrint.

Wannan mataki na ƙarshe kada ka kauce masa, domin shi ne ke sa umarnin ya bayyana a tagar rubutu ta sama inda ɗalibi zai gan shi. A ganina wannan ita ce babbar falalar R Commander a kan sauran manhajojin danne-danne, domin yaron da ya danna sau da yawa yana ganin layin da dannawarsa ta haifar, wata rana zai gwada canza kalma ɗaya a ciki, daga nan ya fara rubutu da kansa. Don haka ka sa umarnin da tagarka ke fitarwa ya zama gajere mai karantuwa, layi biyu ko uku, irin wanda mutum zai rubuta da hannunsa.

Kafin ka fara, leƙa rumbun CRAN, wato ma'ajiyar ƙunsoshin R a intanet, domin wasu sun taɓa rubuta ƙari mai irin wannan aiki, sai dai ƙunshin da mai shi ya daina kula da shi akan kwashe shi zuwa ma'ajiyar tsofaffi, amma ko a can za ka iya karanta yadda suka tsara nasu. Manhajar JASP ma, wadda ita ma kyauta ce, tana da sashen kula da inganci a shirye. Idan darasin na zango ɗaya ne ba za a sake ba ka shi ba, ita ce hanya mafi sauƙi. Idan kuwa ɗalibanka sun riga sun saba da R Commander kuma darasin zai ɗore, gina naka ya fi, saboda dalilan da ke tafe.

Misali da ruwan leda

Bari mu ƙaddara wata masana'antar ruwan leda, irin waɗanda suka cika Samaru da Tudun Wada, wadda ke rubuta mililita 500 a jikin leda. Ana ɗaukar leda biyar a jere kowace awa a auna, har aka tara rukuni 25. Mu ce matsakaicin duka ya zo 502, matsakaicin tazara tsakanin mafi cika da mafi ƙaranci a kowane rukuni kuma ya zo 6. Ga rukuni mai ɗauke da biyar, ana ninka matsakaicin tazara da 0.577 don samun nisan iyaka, wanda ya ba mu kusan 3.5, saboda haka iyakokin zanen matsakaici su ne 498.5 da 505.5. Iyakar sama ta zanen tazara kuma ita ce 6 sau 2.114, wato kusan 12.7. Mu ce duk ɗigon 25 sun faɗa cikin iyaka.

A nan ne kusan kowane mai koyo yake zamewa. Zai dubi zanen ya ce ruwan yana cika, tun da babu ɗigon da ya sauka ƙasa da 498.5. Amma kowane ɗigo matsakaicin leda biyar ne, kuma matsakaici ba ya watsuwa kamar yadda ɗaiɗaikun leda ke watsuwa. Idan ka raba 6 da 2.326 za ka sami sigma na leda ɗaya, kusan 2.6, kuma da wannan lissafi kusan leda ɗaya cikin biyar ba ta kai mililita 500 ɗin da aka rubuta ba. Injin a natse yake, yana yin abin da ya saba, amma abin da ya saba ɗin bai cika alƙawarin da ke jikin ledar ba. Iyakar sa ido daga injin take fitowa, ita kuwa iyakar ƙa'ida daga mai saye ko hukuma irin NAFDAC da SON take zuwa, kuma tambayoyi biyu daban suke amsawa.

Wannan ne ya sa nake ba ka shawara da ƙarfi: kada ka sa gurbin rubuta iyakar ƙa'ida a tagar zanen matsakaici, ko da ɗalibai sun nema, kuma za su nema. Da zarar layin 500 ya hau kan wannan zane, ido zai kwatanta ɗigo da shi, bayaninka na baki kuma ba zai goge abin da ido ya gani ba. Ka ware masa zaɓi na daban, na auna ko aikin yana iya cika ƙa'ida, wanda zai kira process.capability na qcc ya nuna watsuwar ɗaiɗaikun awo tare da iyakar ƙa'ida. Ka kuma sa zanen tazara ya riƙa fitowa tare da na matsakaici ko ba a nema ba, domin iyakar na matsakaici daga tazarar aka lissafo ta, idan tazarar ba a natse take ba iyakar ba ta da amfani.

Abin da tagar za ta tambaya

Manhajoji da yawa suna jera sunayen zanuka ne su bar mutum ya zaɓa, wanda hakan ya dace da ƙwararre, amma mai koyo bai san bambancin zanen p da zanen u ba, sai ya danna wanda ya fara gani. Ni da zan tsara, tambayar farko za ta zama a kan abin da ke hannunsa: aunawa ka yi ko ƙirgawa? Idan aunawa ce, awo ɗaya kake samu a kowane lokaci ko rukuni? Mai rukuni a ba shi zanen matsakaici da tazara, mai awo ɗaya, kamar wanda ke duba danshin masara sau ɗaya a kowace mota, a ba shi zanen ɗaiɗaiku, wanda iyakarsa ke fitowa daga ninka matsakaicin tazarar awo biyu masu bin juna da 2.66. Idan ƙirgawa ce, kayan da suka lalace yake ƙirgawa, kamar burodi nawa ya ƙone cikin waɗanda aka gasa, ko aibi nawa ne a jikin abu guda, kamar tabo da huda a jikin fatar da aka jeme? Na farko zanen p ne, na biyu zanen c idan girman abin iri ɗaya ne, ko zanen u idan ya bambanta, kuma fata ba ta zuwa girma ɗaya. Sunan zanen ya fito a kan sakamakon, don ɗalibi ya koyi sunan bayan ya fahimci dalilin. Waɗannan sun isa zango guda.

Abu na biyu shi ne jerin lokaci. Zanen sa ido ba shi da ma'ana idan aka hargitsa jerin da aka yi awon. A aji na sha ganin ɗalibi ya shigar da alƙalumansa a Excel, ya jera su daga ƙarami zuwa babba don su yi kyan gani, sannan ya kawo su, sai zanen ya fito yana hawa kamar matakala, ya ce injin ya lalace. Tagarka ta tilasta a zaɓi ginshiƙin da ke ɗauke da lamba ko lokacin rukuni, kuma idan ta ga awon yana hawa ko sauka ba tare da ko juyawa ɗaya ba, ta yi gargaɗi. Wannan layi biyu ne na umarni. Ka kuma lura cewa qcc yana son kowane rukuni ya zama layi guda, alhali ɗalibai sun fi shigar da awo duka a ginshiƙi ɗaya, lambar rukuni a na gefensa. Aikin qcc.groups yana juya wannan zuwa wancan, saboda haka ka karɓi siffar da suka saba da ita ka juya musu.

Abu na uku, wanda a ra'ayina shi ne ke bambanta taga mai kyau da mara kyau, shi ne raba bayanan kafa iyaka da bayanan da ake sa wa ido. Ana kafa iyaka ne da rukuni 20 zuwa 25 na lokacin da aiki ke tafiya yadda ya kamata, a bincika duk ɗigon da ya fita, a cire shi idan an gano dalilinsa, a sake lissafi, sannan a daskarar da iyakar a riƙa ɗora sabon awo a kanta. Idan manhaja tana sake lissafa iyaka duk lokacin da aka ƙara bayanai, injin zai riƙa zamewa a hankali iyakar tana binsa, babu ranar da zanen zai yi ƙara. Ƙunshin qcc ya tanadi wannan da gurbin newdata, sai ka sa tambaya a fili a tagar: rukuni nawa na farko ne za a kafa iyaka da su? Idan ɗalibi yana so ya cire ɗigo, ka sa gurbin da zai rubuta dalili, dalilin kuma ya fito a cikin sakamako. Cire ɗigo don kawai ya ɓata zane ɗabi'a ce da ake ɗauka tun daga aji, kuma gara a tare ta a can.

Akwai abin da taga ba za ta iya gani ba, wato yadda aka haɗa rukunin tun farko. Idan masana'anta tana da inji biyu aka ɗauki leda uku daga wannan biyu daga wancan, bambancin injinan zai shiga cikin tazara, iyaka ta buɗe, ɗigo su manne wa layin tsakiya, mai kallo ya ɗauka aiki ya yi kyau ƙwarai. Haka idan aka haɗa awon lokacin wutar NEPA da na lokacin janareta a rukuni ɗaya. Wannan sai a aji za ka koyar, amma jimla ɗaya a ƙasan tagar da ke cewa kowane rukuni ya fito daga inji ɗaya a lokaci ɗaya za ta taimaka. Wanda taga za ta iya kamawa shi ne sikeli mai tsalle. Idan aka auna burodi da sikelin kicin mai tafiya giram biyar biyar, tazara ba za ta wuce sifili da biyar da goma ba, sifili zai yi yawa, iyaka ta matse, zanen ya yi ta kuka a banza. Ka sa ta ƙirga adadin tazara daban-daban da suka fito, idan ba su wuce uku ko huɗu ba ta ce a nemi sikeli mai laushi.

Dokokin gargaɗi da abin da za a bari

Bayan ɗigon da ya fita iyaka, akwai wasu alamu da aka ƙara, kamar dokoki huɗu na littafin jagora na Western Electric na 1956, waɗanda suka haɗa da ɗigo biyu cikin uku da suka wuce sigma biyu da kuma ɗigo takwas a jere a gefe ɗaya na tsakiya, da dokoki takwas da Lloyd Nelson ya tsara a 1984. Akwatunan zaɓi suna da sauƙin sawa, kuma mai koyo idan ya ga akwatuna takwas duka zai cike su, a tunaninsa ya ƙara tsaro. Amma idan aka kunna dokokin Western Electric huɗu tare, kukan ƙarya yana tashi daga ɗaya cikin 370 zuwa kusan ɗaya cikin 92. Ma'aikacin da zane ya tayar masa da hankali a banza sau da yawa zai daina kallonsa. Ka tsaya a kan biyu, fita iyaka da doguwar jera a gefe ɗaya, waɗanda su ne sigar qcc da aka fi amfani da ita ke nunawa da kanta, inda take ɗaukar bakwai a jere a matsayin alama.

Zanen CUSUM na E. S. Page na 1954 da zanen EWMA na 1959, waɗanda ke haɗa awon baya da na yanzu a kowane ɗigo, sun fi saurin gano ƙaramar zamewa, kuma suna cikin qcc, amma ka bar su sai zango na biyu, domin suna da alƙaluman saiti da mai koyo ba zai san yadda zai zaɓa ba. Idan akwai masu karatun gwajin lafiya cikin ɗalibanka, waɗanda za su je ɗakin gwaji irin na asibitin koyarwa da ke Shika, su zanen Levey da Jennings na 1950 da dokokin Westgard na 1981 za su tarar, kuma wannan ya cancanci taga tasa daban.

Shawarata ta tsaya ne a kan aji da ƙananan masana'antu masu auna abu ɗaya lokaci zuwa lokaci. Inda na'ura ke ɗaukar awo kowace daƙiƙa, ko inda awon yau ke jan na gobe, kamar danshin hatsi da ke bin hunturu da damina, iyakar Shewhart takan matse fiye da kima, kuma gyaran wannan ya wuce abin da tagar masu koyo za ta ɗauka.

Gwaji kafin shiga aji

Ka lissafa misali ɗaya da hannu, irin na ruwan ledar nan, ka tabbata tagarka ta fitar da iyaka ɗaya da naka. Sannan ka ba ta bayanai masu matsala da gangan: rukunin da awo ɗaya ya ɓace a cikinsa, ginshiƙin da wani ya rubuta harafi a tsakiyar lambobi, yawan lalatattu da ya fi yawan waɗanda aka duba. Kowanne ya fito da saƙo a harshen da ɗalibi zai gane, yana faɗin layin da matsalar take, domin jan rubutun kuskure na R yana sa mai koyo ya ɗauka shi ne ya ɓata kwamfutar. Bayan haka ka kira ɗalibai uku ko huɗu waɗanda ba su ne na gaba a aji ba, ka ba su takardar awo da sikeli ko kwalbar awo, ka zauna a bayansu ka kame bakinka. Duk inda hannun ɗaya ya tsaya a kan linzami yana juyawa ya dube ka, ka rubuta wurin, domin nan ne kalmar da ke tagar take bukatar canji.

Game da rarrabawa, tun da kuɗin data da wuta ba su da tabbas a ɗakunan kwamfutarmu, ka haɗa R da R Commander da qcc da ƙarinka, tare da duk ƙunsoshin da suka dogara da su, a kan filashi ɗaya, ka girka siga ɗaya a kowace kwamfuta, kuma kada ka sabunta ko ɗaya daga ciki sai zangon ya ƙare, domin sabuwar siga takan canza sunan aiki ko gurbi, tagar da ke aiki jiya ta ƙi buɗewa ana tsakiyar darasi.